Ranar da Aka Kawo Makara Ƙofar Ofishinmu

Babana mai gadi ne a ƙofar wani ofishin gwamnati a nan Kumasi. Tun ban san damana da haguna ba yake wannan aiki, kuma da na gama makaranta shi ya yi ta bin manya da gaisuwa har aka ɗauke ni a ɗakin buga takardu, a saman bene. Don haka kullum tare muke fitowa daga Alabar, unguwarmu a cikin Zongo, da safe, shi a gaba da kakinsa da ya sha guga, ni a baya ina mitar saurinsa. Mutanen Zongo Baba Maigadi suke ce masa, mutanen ofis kuwa wachiman. Ban taɓa son wannan kalmar ba. Na sha yin faɗa a kanta har da waɗanda suka girme ni a aiki, don bakina ba shi da linzami, kuma a wajen uwata na gaji haka, ba a wajensa ba.

A da, ƙofar Baba kamar zauren gida take. Matan kasuwa su ajiye ƙunshin kayansu su je su dawo. Mai zuwa duba mara lafiya a babban asibitin Bantama ya bar jakarsa don kada ya yi ta fama da ita a mota. Baba bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Amana ce, a wurinsa tambaya ma rashin kunya ne.

Sai abubuwa suka fara lalacewa a ƙasashen da ke arewa da mu. Kullum rediyo na kawo labarin bam ya tashi a kasuwa ko a bariki. Gwamnati ta ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, ta fara shafa wa nata ruwa. Aka turo mana wani jami'in tsaro, mutum mai sanyin magana, ya tara mu a tsakar gida ya koya mana abin da za mu yi. Ya ba Baba madubi mai dogon mariƙi na leƙa ƙarƙashin mota, da wata na'ura mai kama da muciya da ke kuka in ta ji ƙarfe. Ya ce daga ranar ba ajiya a ƙofa, ko ta wane ne. Wadda Baba ya fara hanawa ita ce tsohuwar da ke sayar mana da koko da ƙosai. Ta sauke bokitinta ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba Maigadi, yau kuma ni ce bam?" Muka yi ta dariya, shi kuwa kunya ta hana shi shan koko a ranar. Amma bai karɓi ajiyar ba, kuma bai sake karɓar ta kowa ba.

Sau ɗaya aka taɓa bugo waya aka ce an dasa wani abu a ginin. Muka fita a layi muka tsaya a filin ƙwallo, rana na dukanmu, har aka gama bincike ba a sami komai ba. Daga nan ne na daina yi wa horon dariya, don na ga ranarsa.

Jami'in ya koya mana na tarzoma ma. In taron mutane ya nufo ginin, mai gadi ya kulle babbar ƙofa da ƙaramar, ya shige ɗakinsa, kada ya yi magana da kowa, kada ya buɗe ko da uwarsa ce a waje, sai jami'an tsaro sun iso. Mu ma'aikata kuma mu bar bakin taga mu taru a ɗakin tsakiya wanda ba shi da gilashi. Mutumin nan ya san aikinsa, ban da abin da zan ce a kansa sai alheri. Baba ya haddace dokokin kamar karatun allo.

Abin da ya kawo mana tarzomar mutuwar wani saurayi ce, kafinta a kasuwar katako ta Anloga, gidansu lungu biyu daga namu. Ana rushe rumfunan da aka ce sun tare hanya, aka yi turereniya, ya faɗi kansa ya bugi bakin kwata. Ya rasu a asibiti. Wasu suka ce tura shi aka yi, wasu suka ce santsi ne ya kwashe shi. Ni ban kasance a wurin ba. Abin da Zongo ta yarda da shi dai shi ne daga ofishinmu umarnin rushewar ya fito. Abin da ya ƙara hura wutar kuma, an riƙe gawar kwanaki a asibiti ana bincike, mu kuwa mutanen da ba sa son mamacinsu ya kwana ne.

A kwanakin nan tafiya aiki ta zame mana wahala. Baba zai yi sallama a majalisar da ya saba, a amsa masa ciki-ciki. Wata safiya wani matashi da ke zaune a kan babur ya ce, yadda za mu ji, "Ga karen gwamnati nan da 'yarsa." Na juya zan wanke shi da mari, Baba ya riƙe bakin mayafina ya ce, "Wuce. Abokinsa ne ya mutu."

Ranar da aka ba da gawar, aka yi mata wanka aka sallace ta a masallacin unguwa da hantsi. Motar gawa na jira a bakin titi don a wuce maƙabartar Tafo. Samarin suka ƙi sa makarar a mota. Suka ce sai mai ofis ya fito ya ga aikinsa da idonsa. Suka ɗauke ta a kafaɗa suka nufo mu.

Kafin mu gan su mun ji su. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya bar teburinsa. Abokiyar aikina, wata 'yar ƙabilar Asante da ta koyi Hausa a kasuwa, ta ja hannuna tana cewa, "Sista, zo mu tafi ciki. Babanka ya san aiki nasa, zo!" Na ce mata yoo, wato "to" a yarensu, ga ni nan, na bar ta ta yi gaba. Ban shiga ɗakin tsakiya ba. Na tsugunna a gindin tagar matakala inda nake iya ganin ƙofa. Na san na karya doka, kuma ko yau aka sake haka zan yi.

Titin ya cika har bakin kwana. Da yawansu sun ɗaura jan ƙyalle a kai da hannu, irin na makokin mutanen ƙasar nan. Makarar na sama da kawunansu, an rufe ta da koren mayafi, tana tangaɗi saboda masu ɗaukarta ba tafiya suke ba, tsalle suke suna ihu. Can baya na hango liman da dattawan unguwa suna ɗaga hannu, ba mai jin su. Na ga tayoyi. Na ga jarka mai ruwan ɗorawa a hannun wani, kuma ba sai an gaya mini abin da ke ciki ba. Ginin namu tsoho ne, benensa na katako, cike da takardu, ƙofar fita ta baya kuma lungu ce da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere.

An riga an kira jami'an tsaro, suna hanya. Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Duk wanda ya girma a Zongo ya san in motocin nan suka iso suka tarar da samari da fetur da gawa, ba makara ɗaya za a kai Tafo ba. In kuma suka makara, mu ne a cikin wuta.

Baba ya kulle babbar ƙofa da sarƙa kamar yadda aka koya masa. Abokin gadinsa, wani dattijo Bafarafare, ɗan wata ƙabila ta arewacin ƙasar nan, ya shige ɗakinsu yana kiransa, "Baba, shigo mana! Shigo!" Bai shiga ba. Duwatsu suka fara sauka. Gilasan ɗakin da nake aiki suka zube a kan kujerun da muka tashi daga kai, da ba don horon nan ba da a kanmu suka zube. Samari suka kama ƙofar suna jijjigawa. Aka jingina taya a jikinta, mai jarka ya fara kwarara.

Sai Baba ya ɗaga kai ya dubi benen. Na sunkuya, ban san ko ya gan ni ba. Da na sake leƙawa ya cire hular kakinsa, ya ciro farar hularsa ta salla daga aljihu ya sa. Ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya fita, ya datse kwaɗon ta waje, ya jefo makullan ta saman ƙofa. Duk da ihun nan na ji ƙararsu a kan siminti. Wallahi a lokacin haushinsa na ji, ba tausayi ba. Na ce a raina tsohon nan zai mayar da ni marainiya saboda ginin da ba a ko san sunansa a ciki ba.

Wanda bai san mu ba sai na yi masa bayani. A wurinmu makara ba ta mutum huɗu ba ce. Duk namijin da ya ga an wuce da ita, ko bai san mamacin ba, yakan zo ya sa kafaɗa ya yi 'yan takawa don ya sami lada, wani ya karɓe shi. Kuma ba a hana mutum. In ya zo ya taɓa ka, matsawa kake yi. Tun muna yara muke gani, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana.

Baba ya ratsa su yana sallama kamar mai shiga masallaci. Wani ya ture shi, ya yi taga-taga ya tsaya. Bai nufi masu jijjiga ƙofa ba, makarar ya nufa, wajen ƙafarta ta gaba ta dama. Wanda ke riƙe da wurin aminin mamacin ne, yaron da Baba ya ci goron sunansa. Ban ji abin da suka faɗa ba, daga baya shi yaron ya gaya wa ƙanena.

Baba ya ce, "Ɗana, matsa in samu lada."

Ya ce, "Baba, ka kauce. Wannan ba jana'iza ba ce, demo ne, zanga-zanga muke."

"An yi masa salla?"

"An yi."

"To jana'iza ce. Matsa."

Yaron ya ce bai san lokacin da ya matsa ba. Kafaɗarsa ce ta sauka kafin ya yi shawara da ita.

Da Baba ya shiga ƙarƙashin makarar sai ya ɗaga murya da kalmar shahada, ya taka zuwa titi. Mutum huɗu ba sa jan makara gefe huɗu, in aka yi haka mamacin ne zai faɗo ƙasa, kuma duk fushin yaran nan ba wanda zai yarda abokinsa ya faɗo. Sauran ukun suka bi. Dattawan da ke baya suka ga abin da ke faruwa, suka kutsa, wannan ya taɓa kafaɗar saurayi ya karɓa, wancan ma haka. Kafin a kai kwana, tsofaffi ne kaɗai a ƙarƙashinta, kuma ihun ya koma zikiri. Taron ya tsaya kamar ba su san abin yi ba, sannan suka fara bi, don ba wanda ke son a ce an binne abokinsa yana can yana jifan taga. Wasu kaɗan suka rage, suka cinna wa tayar wuta, ƙofar ta yi baƙi. Da motocin tsaro suka iso, waɗannan kaɗan ɗin suka tarar, kuma suna ganinsu suka watse. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Baba bai dawo ba sai la'asar, ƙafafun wandonsa duk jar ƙasar Tafo. Na tare shi a ƙofa na fara zazzaga masa faɗa ina kuka. Shi kuwa sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Shugaban ofis ya kira shi washegari. Ya yi masa godiya, kuma a zama ɗaya ya gaya masa ya karya doka mafi girma ta aikinsa: ya buɗe ƙofa, ya bar wurin gadinsa. Aka mayar da shi gadin ɗakin tsofaffin kujeru a bayan gini, ba da daɗewa ba ya yi ritaya. Na so in tayar da ƙura, ya hana ni. Ya ce, "Da gaskiyarsu. Da yaran sun turo ƙofar lokacin da na buɗe ta fa? Da ni na shigo da su kanku."

Ranar sadakar uku na raka shi ta'aziyya. Maza na waje a kan benci, amma uwar mamacin ta aiko a ce Baba ya shigo. Tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta, mata sun kewaye ta. Bazawara ce, waken shinkafa take sayarwa a bakin titi, kuma shi ne ɗanta namiji tilo. Baba ya tsugunna daga nesa ya yi mata gaisuwa.

Ta ce, "Baba Maigadi, an ce kai ka kai shi."

Ya ce, "Ni ne."

"Allah ya ba da lada." Ta gyara bakin zanenta. "Amma ka sani, ni na ce su kai shi can. Ban ce su ƙona komai ba. Na so mai ofis ya fito ya tsaya a gabansa, ya ga abin da ya rage mini. Yanzu ƙasa ta rufe shi. Wa zai sake tambaya?"

Baba ya sunkuyar da kai. Muka yi sallama muka tashi. Kuma maganarta ta tabbata, don an ce za a bincika, mun ji an zauna, daga nan ba mu sake jin komai ba.

A hanyar gida na buɗe baki. Na ce wannan wace irin mata ce, ba godiya? Na ce da ba don shi ba da yau gidaje nawa ake zaman makoki a Alabar. Na ce ya ceci 'ya'yan mutane daga harsashi, ya ceci gini, ya rufa wa mamaci asiri daga rana, a ƙarshe a saka masa da wannan. Ya bar ni na yi ta yi har na gaji. Mun kusa gida, wajen famfon unguwa, sai ya tsaya.

Ya ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

"Duk abin da kika lissafa ban tuna da ko ɗaya ba a lokacin. Da ba kya cikin benen nan, da na shige ɗakina na rufe kamar yadda aka koya mana. Na ce wa yaron nan ya matsa in samu lada, alhali ba lada na je nema ba. Ban ɗauke shi don Allah ba, ban ɗauke shi don shi ba. Ɗan wata na ɗauka na kare tawa da shi."

Na ce, "Baba, ai Allah ya ga zuciyarka." Ya ce, "Shi ne abin da ke damuna."

Daga ranar Baba bai sake sa kafaɗa a makara ba. Yana zuwa kowace jana'iza, ya yi salla a sahun gaba, ya bi har maƙabarta. In aka matsa masa don ya karɓa, sai ya girgiza kai ya koma baya. Mutane suka ɗauka ciwon baya ne. Liman ya zo har gida ya yi masa magana, ya ce ceton rai ba ya ɓata niyya, kuma gaggauta binne mamaci shi ne daidai ko da me aka yi nufi. Baba ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya raka shi ƙofa. Bai canza ba. Ni kuma na ci gaba da zuwa aiki, ina wucewa ta gaban tukunyar uwar mamacin nan kowace safiya. Ina gaishe ta, tana amsawa, ba ma wuce haka. Na ji daɗi da na rayu, ba zan yi ƙarya ba, kuma duk lokacin da na gan ta sai in ji kunyar jin daɗin.

Baba ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Samarin unguwa suka ɗauke shi, har da wanda ya kira shi kare, na ji an ce shi ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin makarar. Ina zaune a cikin mata da yamma sai ga uwar kafintan nan ta shigo. Ta ratsa kowa ta zauna a gefena a kan tabarma, ta yi mini gaisuwa. Ta daɗe ba ta tashi ba. Da mutane suka ragu sai ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Na san kina cikin benen ranar. Tun a lokacin na sani. Da nawa ne a ciki, kuma ɗan wata ne a makarar, ni ma da na ɗauka." Ta share fuska da bakin mayafi. "Na so in gaya masa. Kullum in na gan shi ya wuce masallaci sai in ce gobe."

Na kama hannunta, muka zauna a haka har aka kira magariba.